Kafin Alƙalamin Fam 17: Tarihin Masu Sayen Jita a Ƙananan Shaguna

Sana'armu rubuta manhaja ce, kuma yawancin aikin da muka yi a 'yan shekarun nan na shagunan intanet ne. Abin da masu ba mu aiki suke nema kusan ɗaya ne kullum: a rage tazarar da ke tsakanin ganin kaya da biyan kuɗi. Idan mai saye yana danna wuri biyar kafin ya biya, a mayar da su uku. Idan shafi yana cin daƙiƙa huɗu kafin ya buɗe, a mayar da ita ɗaya. A ma'auninmu, mutumin da ya daɗe yana jujjuya kaya bai saya ba matsala ce da ke jiran gyara.

Da wannan idon muka shiga karanta tarihin mutanen da suka sayi jita a ƙananan shagunan Amurka da Ingila daga shekarun 1940 zuwa yau. Sai muka tarar a can jinkirin nan da muke yaƙa shi ne ainihin cinikin. Yaro zai yi ta zarya yana leƙen jita ta gilashin shago, ya shiga ya taɓa, a kore shi, ya dawo gobe. Muka tambayi kanmu: ban da jitar da ya rataya, da me mai saye yake fita daga irin wannan shago? Abin da tarihin ya nuna mana abu uku ne. Yana samun wanda zai yarda ya ba shi bashi, yana samun hannun da zai gwada kuma ya gyara masa kaya, yana kuma samun kunnen da zai saurari kokensa.

Yaron da ya zo sayen bindiga

A watan Janairun 1946, wata mata mai suna Gladys Presley ta shiga wani shagon kayan ƙarfe da na aikin gida a garin Tupelo na jihar Mississippi, tana tare da ɗanta wanda ya cika shekara 11. Sunan shagon Tupelo Hardware, kuma jita ɗaya ce kawai daga cikin tarkacen da ake sayarwa, tare da ƙusa da fenti da igiya. Kamar yadda ma'aikacin da ya tarbe su, Forrest Bobo, ya ba da labari daga baya, bindiga yaron yake so, uwar kuma ta ce ba za ta saya ba. Rigima ta so ta kaure. Sai Bobo ya ɗauko jita ya miƙa wa yaron ya ce ya gwada. A lissafin Bobo, dala 7 da santi 75 aka biya. Yaron shi ne Elvis Presley.

An sha ba da wannan labari don nuna ƙaddara. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne aikin da Bobo ya yi a cikin mintunan nan. Ya karanta fuskar uwa da ta ɗa, ya gane abin da uwar za ta iya biya da abin da ba za ta lamunta ba, sannan ya kawo abu na uku da babu wanda ya zo nema. A manhajojin da muke rubutawa, wanda ya nemi bindiga bindigogi za a yi ta jero masa, domin na'ura tana hasashe ne daga abin da mutum ya riga ya nema. Bobo ya yi nasa hasashen daga abin da ya gani a gabansa.

Liverpool: shagon da ke ba yara bashi

Bayan yaƙin duniya na biyu Birtaniya ta shiga ƙarancin dala, don haka gwamnati ta taƙaita shigo da kayayyakin Amurka, har da kayan kiɗa. Sai a 1959 aka sassauta. A tsakanin nan, cikin 1956, waƙar Lonnie Donegan mai suna Rock Island Line ta yi tashe, ta haifar da yayin kiɗan da ake kira skiffle, wanda samari ke yi da jita mai araha da allon wanki da akwatin shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya. Dubban yara suka buƙaci jita a lokaci guda, ga shi Fender da Gibson na Amurka sai dai a hoto. Abin da ke rataye a shaguna shi ne Höfner da Framus daga Jamus, da Futurama daga Czechoslovakia.

A birnin Liverpool, shagon Frank Hessy da ke titin Stanley shi ne matattarar waɗannan yara. A watan Agustan 1959, Mimi Smith, yayar mahaifiyar John Lennon wadda ta riƙe shi, ta ba da kafin alƙalami na fam 17 a kan jitar lantarki ƙirar Höfner Club 40, sauran kuma a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Fam 17 a lokacin ya ɗara abin da yawancin leburorin ƙasar ke samu a mako guda. A ƙarshen shekarar George Harrison ya ɗauki Futurama a shagon bisa irin wannan tsari. A Janairun 1960 Stuart Sutcliffe, wanda ya sayar da zanensa fam 65, ya zo ya ɗauki jitar bas, mai kaurin muryar nan, alhali bai iya kaɗa ta ba tukuna.

Rashin iyawar ma shagon ya yi masa tanadi. Akwai wani ma'aikaci mai suna Jim Gretty, makaɗi ne shi ma, wanda yake tara waɗanda suka sayi jita yana koya musu yadda ake danna tsirkiya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Dabarar kasuwanci ce mai sauƙin ganewa. Yaron da ya iya kaɗa waƙa uku zai ci gaba da biyan bashinsa, wanda kuwa ya kasa zai jefa jitar ƙarƙashin gado, biyan ma ya tsaya. Ribar mai shago ta rataya ne a kan ci gaban mai saye.

Ba kullum ake biya a kan kari ba. Lokacin da Brian Epstein ya karɓi ragamar ƙungiyar Beatles, cikin abubuwan da ya fara yi har da biyan bashin da ya taru musu a shagon Hessy. Wato kayan da suka yi kiɗan da ya fito da su, a gidan rawa na Cavern da ke 'yan taku kaɗan daga shagon da kuma a Hamburg, wani ɓangarensu na bashi ne. Babu bankin da zai kalli ɗan shekara 17 mara aikin albashi. Mai shago ya kalle shi, domin ya san gidansu, ya san wanda ya sa hannu a takarda, ya kuma san inda yake kiɗa daren Asabar. Duk wanda ya taɓa karɓar kaya a hannun ɗan kasuwar unguwa a kan sai ƙarshen wata ya san irin wannan yarda. An rufe shagon Hessy a 1995.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Abu na biyu ya samo asali ne daga yadda jita take. Itace ce, kuma itace biyu ba sa zama ɗaya ko da daga masana'anta ɗaya suka fito a rana ɗaya. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jitar da ba ta lantarki ba suna jan wuyanta da nauyin da ya kai kimanin kilo 70. Don kada wuyan ya lanƙwashe, ana saka sandar ƙarfe a cikinsa wadda ake ɗaurewa ko a sassauta. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan a tsakiyarsa ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba. Idan ta ɗara haka da milimita ɗaya kacal, yatsun mai koyo za su yi ciwo har ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa. Idan ta gaza, sautin zai riƙa zizara. Ga kuma yanayi: masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, abin da ya sa bushewar hunturu irin tamu kan tsaga ta. Saita waɗannan abubuwa aikin ɗan lokaci ne ga gwani, kuma a ƙaramin shago mai sayarwa da mai gyara sau da yawa mutum ɗaya ne, ko kuma suna ɗaki ɗaya.

A birnin New York, Manny Goldrich ya buɗe shagonsa, Manny's, a 1935 a titi na 48, titin da daga baya ya cika da shagunan kayan kiɗa. Bangon shagon ya rufe da dubban hotunan makaɗa masu ɗauke da sa hannunsu. Amma abin da abokan ciniki suka fi tunawa wata tsohuwar jita ce ƙirar Danelectro, ruwan ɗorawa. Masu shagon ba sa son a ƙarce sababbin jitoci, don haka duk wanda zai gwada amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa jitar lantarki sauti, ita ake miƙa masa, ko shi tauraro ne ko ɗan makaranta. Ta ratsa hannaye har ta gaji ta karye, aka adana ta a cikin gilashi.

A 1970 Eric Clapton ya shiga shagon Sho-Bud a birnin Nashville, ya tarar da tsofaffin jitocin Fender Stratocaster na shekarun 1950 ana sayar da su da araha saboda yayinsu ya ja baya. Ya sayi shida. Ya ba George Harrison da Pete Townshend da Steve Winwood ɗaya-ɗaya. Sauran ukun ya zaɓi wuyan wannan, gangar jikin waccan, aka haɗa guda ɗaya da ya sa wa suna Blackie, wadda ya yi kiɗa da ita har tsakiyar shekarun 1980. Irin wannan zaɓe sai an riƙe kaya a hannu. A 2004 aka yi gwanjonta a kan dala 959,500.

Shekara guda kafin zuwan Clapton, ɗaya daga cikin masu wannan shago, Shot Jackson, ya yi wani ciniki na daban. Wani mashayi ya taka jitar mawaƙi Willie Nelson a wurin wasa, aka aika wa Jackson ya gyara. Ya duba ya ce ta wuce gyara, amma yana da wata ƙirar Martin N-20, kuma zai iya ciro na'urar ɗaukar sauti daga tsohuwar ya dasa a cikinta. Nelson ya amince da dala 750 bai ko ga jitar ba. Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama, amma wannan an yi, domin idon Jackson ya tsaya a madadin na mai saye. Jitar, wadda ya kira Trigger, ta yi fiye da shekara 50 a hannunsa har ta huje saboda kaɗawa.

Hanwell: ranar da abokan ciniki suka tsara kaya

Labarin da ya fi kusa da sana'armu ya faru ne a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan. Jim Marshall makaɗin ganga ne kuma malamin koyar da ita. A 1960 ya buɗe ƙaramin shagon ganguna a lamba 76 titin Uxbridge. Ɗalibansa sukan zo tare da 'yan ƙungiyarsu masu kaɗa jita, cikinsu har da Pete Townshend da Ritchie Blackmore da Big Jim Sullivan. Kamar yadda Marshall ya sha faɗa, samarin sun koka masa cewa manyan shagunan tsakiyar Landan, waɗanda suka fi ganin girman makaɗan jaz, kallon sakarkaru suke yi musu. Suka ce idan zai kawo jita da amfilifaya, a wurinsa za su riƙa saye. Ya ce shi bai san komai a kan jita ba, su faɗa masa abin da zai kawo. Suka faɗa, ya kawo.

Sai koke na biyu ya biyo baya. Amfilifayar da suka fi so ita ce Fender Bassman, amma kuɗin shigo da ita daga Amurka ya sa ta fi ƙarfinsu, kuma suna son sauti mai ƙarfi da kaushi fiye da nata. Marshall ya haɗa kai da mai gyaran shagonsa Ken Bran da wani matashi masanin lantarki, Dudley Craven. Suka buɗe Bassman suka bi tsarinta, amma da kayan da suke iya samu a Ingila. Suka canza ɗaya daga cikin ƙwayayen lantarkin, irin masu kama da kwalba da tsofaffin rediyo ke aiki da su, zuwa wanda ya fi ƙara sauti. Suka raba amfilifayar da lasifikokin, suka zuba lasifika huɗu masu inci 12 na kamfanin Celestion a akwati mai rufaffen baya. Sun yi samfuri biyar suna watsarwa, na shida ne ya karɓu. A 1962 aka fitar da ita da sunan JTM45, daga haruffan sunan Jim da ɗansa Terry.

Koke bai ƙare ba. A 1965 Townshend da abokin kiɗansa John Entwistle suka nemi mai ƙarfin wat 100, da ƙaton akwati mai lasifika takwas. Aka yi musu. Masu ɗaukar kayansu suka ce nauyin ya fi ƙarfin mutum, sai aka raba akwatin biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Wannan gini na akwati kan akwati shi ne ake gani har yau a bayan makaɗan rok a duk duniya. Townshend kuma ya shahara da farfasa jita a dandali, shagon Marshall ne ke ɗinke masa su, yana kuma ɗaga masa ƙafa a kan biya. A 1966 tsohon ɗalibin Marshall, Mitch Mitchell, ya kawo masa Jimi Hendrix. Marshall ya ce ya zaci kyauta baƙon zai nema, sai ya ji yana cewa zai biya cikakken farashi, abin da yake so kawai a tabbatar masa da gyara a duk inda ya je.

A ofisoshinmu akwai sunaye masu nauyi ga abin da ya faru a Hanwell: binciken buƙatun masu amfani, gwajin samfuri, sake fasali bayan jin ra'ayi. Kamfanoni na kashe kuɗi masu yawa a kansu. Marshall ya same su a ɓagas, saboda tsakanin mai koke da mai ƙera kaya babu komai sai kanta.

Ɗaya fuskar shagon

Adalci ne mu faɗi cewa ƙaramin shago ba gidan rahama ba ne ga kowa. Abin da ya kori samarin nan zuwa Hanwell wulaƙanci ne da suka sha a wasu shagunan. Mai shagon da ke iya karanta fuska don ya taimaka, yana iya karanta tufafi don ya raina. Manny's kansa ya yi suna wajen gaggawa da rashin haƙuri da wanda ba a ga alamar zai saya ba. Gwada jita a gaban ma'aikatan da suka fi ka iyawa wata jarrabawa ce, har fim ɗin barkwanci na Wayne's World na 1992 ya yi raha da allon da ke hana masu gwaji kaɗa waƙar Stairway to Heaven saboda ma'aikata sun gaji da jin ta.

Wani lokacin kuma shagon yakan bar mai saye a cikin duhu. Paul McCartney ya kai ƙahon busa irin na 'yan badujala da mahaifinsa ya ba shi shagon Rushworth a Liverpool, ya musanya da jita ƙirar Zenith. Ya yi ta fama ta ƙi kaɗuwa, sai da ya ga hoton mawaƙi Slim Whitman riƙe da jita ta ɗaya ɓangaren sannan ya gane cewa shi bahago ne, dole ya juya tsirkiyoyin. Tambaya ɗaya a kan kanta da ta rage masa wahalar.

Mata sun fi kowa sanin wannan fuska. Mawaƙa mata da yawa sun ba da labarin shiga shago a tambaye su ko saurayinsu suke saya wa. A 2018 kamfanin Fender ya fitar da binciken da ya nuna rabin sababbin masu koyon jita a Amurka da Birtaniya mata ne. Ga wadda ta gaji da kallon raini, shafin intanet da ba ya ganin fuskar kowa sauƙi ne babba. A nan dole a yaba wa abin da sana'armu ta kawo.

Manyan kantuna da zuwan intanet

Guitar Center ya fara ne a 1959 a matsayin shago ɗaya a Hollywood, ya bunƙasa har ya kai rassa kusan 300. Girma yana ba da damar sayen kaya da yawa a farashi ƙasa da na ƙaramin shago. Shi ne ma ya sayi Blackie a gwanjon 2004, jitar da aka haɗa daga kayan gwanjon ƙaramin shago. A 2007 kamfanin zuba jari na Bain Capital ya saye shi, cinikin da ya bar masa tarin bashi, kuma a Nuwamban 2020 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa kafin ya sake tsari ya ci gaba. Kamfanin Sam Ash, wanda aka kafa a Brooklyn a 1924, ya sayi Manny's a 1999, ya rufe shi a 2009. A 2024, yana da shekara 100 cif, Sam Ash ya rufe dukkan rassansa 42.

Intanet ta kawo wata sabuwar ɗabi'a: mutum ya gwada jita a shagon unguwa, ya ci lokacin mai shago, ya koma gida ya saya a inda ya fi araha. Masu ƙera kaya sun yi ƙoƙarin hana karya farashi, doka kuma ta taka musu birki. A Janairun 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta ci reshen Fender na Turai tarar fam miliyan 4.5 saboda tilasta wa dillalai kada su sauke farashi a intanet ƙasa da wani ƙa'idajjen adadi. Mai saye ya ci ribar wannan hukunci a aljihunsa. Shagon da ke biyan haya da albashin mai gyara kuwa, gasar ta ƙara yi masa zafi.

Abin lura shi ne, da dama daga cikin waɗanda suka yi nasara a intanet daga ƙaramin shago suka fito, kuma shi suke kwaikwaya. Thomann, wanda ya fi kowa girma a Turai, ya fara ne a 1954 a ƙauyen Treppendorf na Jamus, kuma yana ba mai saye kwana 30 ya dawo da kaya idan bai gamsu ba, wato gwajin da ake yi a kan kanta ya koma ɗakin mai saye. Sweetwater na jihar Indiana, wanda Chuck Surack ya kafa a 1979, yana haɗa kowane abokin ciniki da ma'aikaci guda da zai riƙa kiran sa a waya, yana ɗaukar hoton jitoci ɗaya bayan ɗaya tare da nauyin kowacce, har alewa yake sakawa a cikin kwali. Reverb, kasuwar kayan kiɗa ta intanet, mai shagon Chicago Music Exchange ne, David Kalt, ya kafa ta a 2013, kuma kamfanin Etsy ya saye ta dala miliyan 275 a 2019. Ƙananan shaguna da dama yanzu ta nan suke samun masu saye daga nesa. Shi ma Fender, bayan shugabansa na lokacin, Andy Mooney, ya bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu fara koyo suna dainawa a shekarar farko, ya fito da manhajar koyarwa ta Fender Play a 2017. Aikin Jim Gretty ke nan aka mayar cikin waya.

Inda babu shagon

Domin a ga nauyin abin da shago ke yi, yana da kyau a dubi inda babu shi. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tahoua a Nijar, wanda yanzu yake cika dandali a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, kuma ta wayar hannu da katin ajiya ya yaɗu a Sahara kafin wani kamfani ya san da shi. Baiwa ta sami hanyarta ba tare da Hessy ko Manny's ba. Sai dai labarin wanda ya kai gaci muke ji. Yaran da wayar birki ta yanke wa yatsa suka haƙura, ba mu san adadinsu ba kamar yadda ba a rubuta sunayensu ba.

Abin da ya rage

Har yanzu akwai masu riƙe da tsohuwar hanya. A titin Carmine na New York, Rick Kelly yana ƙera jita da katakon da ake cirowa daga tsofaffin gine-ginen birnin, irin su otal ɗin Chelsea, kuma a 2018 Ron Mann ya yi fim a kan shagon. Yawancin abin da ke cikin fim ɗin hira ce: makaɗi ya shigo, ya ɗauki jita, ya kaɗa, su yi taɗi. A ma'aunin da muka ambata a farko, kusan duk wannan ɓata lokaci ne.

Idan muka jera abubuwa ukun nan, za mu ga manhaja ta iya biyu daidai gwargwado. Akwai tsarin biya kaɗan-kaɗan a shafukan saye, ko da yake alƙaluman banki yake dubawa, don haka ɗan shekara 17 na Liverpool da wuya ya tsallake. Akwai damar gwadawa a dawo da kaya. Na ukun ne har yau bai samu ba. Muna tattara taurari biyar da ra'ayoyi dubu, amma ra'ayin yana bin layi ne daga ma'ajiyar bayanai zuwa rahoton wata-wata, kuma da wuya ya isa kunnen mutumin da ke da ikon ɗaukar sukudireba ya canza kayan a makon.

Tun da muka karanta labarin Hanwell muka ƙara abu ɗaya a sharuɗɗan da muke ba masu son mu gina musu shago a intanet: a sa lambar wayar da mutum zai ɗauka, kuma mai kayan da kansa ya riƙa zama a kanta ko da awa biyu ne a mako. Wasu sun karɓa. Wasu sun ce ai don su huta da kiran waya suka zo wurinmu tun farko.